WALIYYI DAUDA NA WELS: BISHOP MAI SHAN RUWA DA MAJAMI'UN DA YA BARI

Ranar 1 ga watan Maris ita ce ranar tunawa da Waliyyi Dauda, bishop, uban sufaye, kuma majiɓincin ƙasar Wels. Da yake ranar kan faɗo cikin Lokacin Azumi ko dab da shi, takan wuce mu shiru, har yawancin masu suna Dauda a cikinmu sun ɗauka Sarki Dauda mai Zabura ne kaɗai ke da wannan suna a cikin tsarkaka. Wannan Dauda dabam ne. Mutumin ƙarni na 6 ne, bai taɓa riƙe takobi ba, bai taɓa zama a kan gadon sarauta ba, amma majami'u fiye da 50 a kudancin ƙasarsa sun ɗauki sunansa tun zamanin dā, kuma da yawansu suna nan tsaye har yau.

Wels ƙaramar ƙasa ce a yammacin Ingila, cikin tsibirin Birtaniya, ƙasar tuddai, ruwan sama da tumaki. Faɗinta bai kai rabin Jihar Kaduna ba, mutanenta kuma miliyan 3 ne da 'yan kai. Suna da harshensu na kansu wanda bai yi kama da Turancin Ingila ba ko kaɗan, a cikinsa kuwa sunan waliyyin nan Dewi ne. Bangaskiyar Kirista ta shigo musu tun Romawa suna mulkin tsibirin. Da rundunar Roma ta janye wajen shekara ta 410, kabilun da ba su san Kristi ba suka ƙetaro teku suka mamaye gabashin tsibirin, sai Ekklesiya ta taƙure a yamma, cikin tuddai da bakin teku. A wannan zamani na ruɗani aka haifi Dauda, wajen shekara ta 500.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san inda aka samo shi. Tarihin rayuwar Dauda mafi tsufa, wani malami mai suna Rhygyfarch ne ya rubuta shi da Latin wajen shekara ta 1090, wato shekara 500 bayan rasuwar waliyyin. Mahaifin wannan malami, Sulien, ya yi bishop a kan kujerar Dauda, kuma a lokacin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, suna ƙoƙarin sa Ekklesiyar Wels ƙarƙashin Babban Bishop na Kantabari. Saboda haka marubucin yana da abin da yake karewa, ya kuma cika littafinsa da al'ajibai don ya ɗaukaka kujerar mahaifinsa. Wannan bai mai da Dauda tatsuniya ba. Jerin ranakun waliyyai na ƙasar Ailan, da aka rubuta wajen shekara ta 800, sun riga sun sa sunansa a ranar 1 ga Maris. Asser, sufin da ya rubuta tarihin Sarki Alfred na Ingila a 893, daga gidan Dauda ya fito, ya kuma ambaci gidan da sunan mai shi. Aikinmu shi ne mu sheƙe, mu ware tsaba da ƙaiƙayi.

HAIHUWA DA BAFTISMA

Sunan mahaifiyarsa Non, mace ce da ta keɓe kanta ga Allah. Mahaifinsa kuwa Sant ne, daga gidan sarautar yankin Ceredigion. Rhygyfarch, duk da son yabon da yake yi, bai ɓoye yadda aka sami cikin ba: basaraken ya gamu da ita a hanya, ya fi ƙarfinta. Ta haifi ɗanta ita kaɗai a kan wani tudu da ke kallon teku, cikin hadari da tsawa, daga nan kuma ba ta ƙara sanin namiji ba, ta yi sauran kwanakinta cikin addu'a da azumi. An ce ta ƙare rayuwarta a Biritani, arewa maso yammacin Faransa, inda ake nuna kabarinta a garin Dirinon. Ina roƙon iyayenmu mata na Zumunta da dattawan majalisar Ekklesiya su tsaya a kan wannan batu. Akwai yarinyar da aka ci zarafinta, muka bi ta da tsegumi har ta daina zuwa Mas. Akwai jaririn da aka yi ta jan ƙafa a kan baftismarsa don ba a ga uban ba. Mutanen Wels sun kira uwar waliyyiya, sun kira ɗan majiɓincinsu. A wurin da aka ce ta haihu akwai kangon wani ƙaramin ɗakin sujada da wata rijiya mai sunanta, masu ziyara suna ɗiban ruwanta har yanzu.

An yi wa yaron baftisma a wata 'yar tashar jiragen ruwa mai suna Porth Clais, ta hannun wani bishop mai suna Ailbe, mutumin Ailan. Labari ya ce makahon da ya riƙe jaririn ya wanke fuskarsa da ruwan baftismar, idanunsa suka buɗe. Ya fara karatu a wani wuri da ake kira Henfynyw, ya koyi baƙaƙe da Zabura, daga bisani aka naɗa shi firist. Sa'an nan ya tafi wurin wani tsohon malami mai suna Paulinus, ya zauna a gabansa shekara 10 yana nazarin Littafi Mai Tsarki. An ce da idon tsohon ya mutu, ya bukaci almajiransa su duba idon su sa masa albarka, sai Dauda ya amsa cewa a duk shekarun nan bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar malaminsa ba, saboda kunya. Duk ɗan Arewa ya san irin wannan kunyar. Ya taɓa idon, ya yi alamar gicciye, tsohon ya gani.

KWARIN DA YA ZAUNA

Rhygyfarch ya ce Dauda ya kafa gidajen sufaye 12, har ya lissafa wasu manyan wurare na Ingila a ciki, masana tarihi kuwa ba su yarda da wannan lissafi ba. Wanda babu gardama a kansa shi ne gidan da ya kafa a ƙarshen ƙasa, kudu maso yamma, cikin wani kwari mai fadama da ake kira Glyn Rhosyn, a bakin rafin Alun. Yankin sunansa Mynyw, da Latin Menevia. A yau mutum zai ga kamar lungu ne, amma a zamanin da teku ce babbar hanya, wurin mararraba ne: daga nan zuwa Ailan tafiyar yini guda ce idan iska ta yi kyau, jiragen Biritani ma ta nan suke bi.

Mai yankin, wani basarake ɗan asalin Ailan mai suna Boia, bai yi maraba da baƙin ba. Da barazana ta kāsa, matarsa ta aiki kuyanginta su riƙa yin abin rashin kunya a gaban sufayen don su gudu. Sufayen suka zo wa Dauda da shawarar a tashi, shi kuwa ya ƙi, ya sa su azumi, suka zauna. Ba a jima ba wani abokin gaba ya zo ta teku ya kashe Boia, kwarin ya zama na sufaye.

Dokar gidan ita ce abin da ya fi kowane abu tabbata a labarin Dauda, ita ce kuma abin da ya fi nauyi. Ya bi sawun sufayen hamadar Masar, irin su Waliyyi Antoni, wato daga Afirka ya ɗauko tsarin. Sufayensa ba su da shanun huɗa. Su da kansu suke ɗora karkiya a kafaɗa su ja garma. Manomanmu na Kachia da Kagoro, waɗanda suka san nauyin huɗa da hannu, za su gane abin da ake nufi. Suna aiki shiru, in ban da addu'a a zuci. In an dawo daga gona sai karatu da rubutu har yamma, kuma da zarar an buga ƙararrawa kowa zai tashi ya nufi majami'a, ko da ya kai rabin harafi ne a rubutunsa. Abincinsu gurasa, ganye da gishiri, sau ɗaya bayan faɗuwar rana, sai dai marasa lafiya, tsofaffi da baƙin da suka sha tafiya, waɗanda akan nema musu abin da ya fi daɗi. Tufafinsu fatun dabbobi. Ba wanda ke da ikon ya kira ko littafi nasa, wanda ya yi kuwa sai ya yi tuba mai tsanani. Mai neman shiga sai ya yi kwana 10 a bakin ƙofa ana gwada haƙurinsa, kuma gidan ba ya karɓar ko anini daga dukiyarsa, don kada gobe ya ɗaga kai a kan 'yan'uwa. Daga guminsu ake ciyar da marayu, gwauraye, matalauta da matafiya.

Nama da giya kuwa babu su sam. Wannan ya sa aka yi wa Dauda laƙabi da Mai Ruwa, a harshensu Dyfrwr. Wasu sun ce laƙabin ya haɗa da al'adarsa ta tsayawa cikin ruwa mai sanyi yana addu'a don ya hori jiki. A ƙasar da mutane ke alfahari da giyar zuma, bishop ya zaɓi ruwa. Ban ce kowa ya zama sufi ba, amma wanda ya taɓa ganin yadda bikin godiyar kaka kan ƙare a wasu unguwanninmu, da yadda albashin wata kan narke a gidan burukutu alhali kuɗin makarantar yara na jira, ba zai ce wannan waliyyi ba shi da abin faɗa mana ba.

Ba kowa ne ya yaba da wannan tsanani ba, ko a zamaninsa. Waliyyi Gildas, malami mafi suna a Birtaniya ta ƙarni na 6, ya yi suka ga wasu sufaye masu jan garma da kansu, masu auna gurasa, amma fahariyarsu ba ta da ma'auni, ya kuma nuna cewa azumin da babu ƙauna a cikinsa banza ne. Masana da yawa suna ganin mutanen Dauda yake nufi. Waliyyai biyu ke nan, zamani ɗaya, ƙasa ɗaya, ba su ga abu ɗaya ba, Ekklesiya kuma ta riƙe su duka biyu. A ganina Gildas ya yi gaskiya game da haɗarin, Dauda kuma ya tsira daga haɗarin, shaidar kuwa ita ce tukunyar da ya keɓe wa marasa lafiya da baƙi.

YADDA MAJAMI'A KAN SOMA

Wanda ya buɗe taswirar Wels zai ga ɗaruruwan garuruwa da sunansu ya fara da Llan. Asalin ma'anar kalmar fili ne da aka kewaye. Sufi ko firist yakan nemi wuri daga mai ƙasa, kusa da ruwa, ya kewaye shi da ganuwar ƙasa, ya kafa gicciye, ya yi ɗan ɗakin sujada na itace da ciyawa, ya yi bukkarsa a gefe, a fara binne matattu a ciki. Sannu a hankali gari ya taru, ya ɗauki sunan filin. Llanddewi filin Dauda ke nan, Llanfair na Maryamu, Llanbedr na Bitrus, Llanfihangel na Mika'ilu, Llandeilo na Teilo abokin Dauda. Yaron Wels da ya iya faɗin sunan garinsu ya riga ya faɗi sunan waliyyin majami'arsu. Ginin dutse daga baya ya zo, yawanci daga ƙarni na 12, a kan gurbin na itace. Shi ya sa har yau shingen wasu majami'un a zagaye yake, yana bin sawun tsohuwar ganuwa.

Dattawanmu ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Haka limaman ƙungiyar SMA suka yi da suka isa Shendam a 1907 ƙarƙashin Fada Oswald Waller, haka kuma aka yi a ƙauyukan da ke kudu da mu: a roƙi fili wurin sarki, a yi ɗakin jar ƙasa da jinka, Litinin zuwa Juma'a makaranta, Lahadi majami'a, katikis a gefe da iyalinsa, wani guntun ƙarfen dogo ko bakin taya a rataye a bishiyar mangwaro a maimakon ƙararrawa. A nan Kaduna, ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna da sojoji ne suka fara cika benci. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, dubban ma'aikata suka zauna a wannan gefen kogi, tashoshin mishan suka yi ta haihuwa daga Kakuri zuwa Makera, Barnawa, Television, Narayi, Sabon Tasha, har Gonin Gora. Kaduna ta zama yankin mishan mai cin gashin kansa a 1934, dayosis a 1953, babban dayosis a 1959 ƙarƙashin John McCarthy, kafin Peter Jatau, ɗan ƙasa, ya gaje shi a 1975. Tarihin duka bai kai na ƙofar wata majami'ar Wels tsufa ba, amma yara nawa ne a ajin katikizim suka san shi?

TARON BREFI

An ce Dauda ya tafi Urushalima tare da Teilo da Padarn, a can aka naɗa shi bishop, aka ba shi kyautar bagade, ƙararrawa, sanda da riga. Wannan sashe yana da ƙamshin gardamar Kantabari, domin wanda Urushalima ta naɗa ba ya bin Ingila bashin komai. Mu wuce.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne taron bishop-bishop a Brefi, wajen tsakiyar ƙarni na 6. Rhygyfarch ya ce bishop 118 suka taru da jama'a mai ɗimbin yawa, saboda koyarwar Pelagius ta sake tsirowa. Pelagius mutumin Birtaniya ne wanda ya koyar cewa zunubin Adamu bai gurgunta mu ba, mutum yana iya kai kansa ga adalci da ƙoƙarin kansa, ba lallai sai da alherin Allah ba. Waliyyi Agustin na Hippo, ɗan Afirka, daga ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, shi ya tsaya masa, majalisar Kartaj kuma ta hukunta koyarwar a 418. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya fi kowa horon jiki, wanda in da ƙoƙari ke ceto da shi ne na fari, shi aka ɗauko ya yi wa'azin alheri. Da farko ya ƙi zuwa, sai da aka aika masa sau uku. Labari ya ce an tara tufafi aka yi tudu don masu wa'azi su hau, amma muryarsu ba ta kai ko'ina ba. Dauda ya tsaya a ƙasa, farar kurciya ta sauka a kafaɗarsa, ƙasa ta taso a ƙarƙashinsa ta zama tudu, na nesa da na kusa suka ji shi. Shi ya sa a zane-zane ake nuna shi a kan tudu da kurciya.

Dokokin da suka rage masu ɗauke da sunan Dauda da na majalisun zamaninsa ba su yi zancen Pelagius ba. Zancensu tuba ne: horon da za a ba firist ko sufin da ya bugu, ko ya yi fasikanci, ko ya yi rantsuwar ƙarya. Wato gyaran ya fara ne daga masu hidimar bagade, mu limamai kuma ba mu da damar karanta wannan mu kau da kai. Majami'ar Llanddewi Brefi kuwa tana nan a kan tudunta. Akwai wani tsohon dutsen kabari a wurin da aka sassaƙa sunan Dauda a kansa, ɗaya daga cikin shaidu mafi tsufa game da shi, amma magina sun farfasa shi lokacin wani gyara, suka cusa gutsattsarin cikin bango. Ba mugunta suka yi ba, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu.

Almajiransa da yawa 'yan Ailan ne. Aidan, wanda ya kafa kujerar Ferns, a gabansa ya yi karatu. Akwai Modomnoc mai kiwon zuma, wanda aka ce ƙudan zuman gidan sun bi jirginsa sau uku, har Dauda ya sa musu albarka ya sallame su tare. Wani tsohon rubutun Ailan ya ce waliyyan ƙasar na tsara ta biyu sun karɓi tsarin Mas daga Dauda, Gildas da wani na uku. Daga wannan Ailan ɗin ce, bayan shekara 1,300 da ɗoriya, limaman SMA da Sistocin OLA suka zo mana, suka buɗe makarantar Queen of Apostles a Kakuri, wadda gwamnati ta karɓe a farkon shekarun 1970 ta koma Queen Amina. In an bi igiyar a hankali, wani zarenta yana kaiwa kwarin Glyn Rhosyn.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Ya rasu ranar Talata 1 ga Maris, yawancin masana sun ce a 589, wani tsohon lissafin Wels kuma ya ce 601. Shekara 147 da Rhygyfarch ya ba shi ƙarin gishiri ne. A wa'azinsa na ƙarshe ya gargaɗi jama'a su yi farin ciki, su riƙe bangaskiya. Wani littafin harshen Wels na 1346 ya ƙara da cewa ya umarce su su aikata ƙananan abubuwan da suka ji suka kuma gani a wurinsa, wannan kuwa ya zama karin magana a bakin mutanen ƙasar har yau. Aka binne shi a gidansa, garin ya zama Tyddewi, wato Gidan Dauda.

Gidan bai zauna lafiya ba. 'Yan fashin teku na arewacin Turai, waɗanda ake kira Viking, sun washe shi sun ƙone shi sau da yawa, sun kashe Bishop Morgeneu a 999, suka sake kashe wani bishop a 1080. Kowane karo waɗanda suka tsira sukan dawo su share toka. Mu da muka ga Fabrairu da Mayu na 2000, da Nuwamba na 2002, muka ga majami'u da masallatai suna hayaƙi, muka ga iyalai suna ƙetare gada da katifa a ka, wasu zuwa kudu wasu zuwa arewa, mun san wannan ba labarin nesa ba ne. Rabin masu zama a bencinmu a yau an yi musu baftisma a wata majami'a ta ƙetaren kogi da 'ya'yansu ba su taɓa takawa ba.

A zamanin Paparoma Kalistus na 2, wajen 1120, Roma ta amince da girmama Dauda, aka kuma riƙa cewa ziyara biyu zuwa kabarinsa daidai take da ɗaya zuwa Roma. Sarakunan Ingila sun zo, daga Wiliyam a 1081 har Edward na 1 a 1284. Babbar majami'ar da ke wurin yanzu an fara gininta a 1181, cikin kwarin, har mai zuwa ba ya ganinta sai ya iso bakin gangare. Fadama ce a ƙarƙashinta: hasumiyarta ta rushe a 1220, ginshiƙanta sun karkata, daɓenta kuma hawa ne daga ƙofa zuwa bagade. A 1538, bayan Sarki Henri na 8 ya raba ƙasar da Roma, Bishop Barlow ya kwashe kayan kabarin ya hana ziyara. Tun daga lokacin tsofaffin majami'un Wels suna hannun 'yan'uwanmu Angilikan. Wasu ƙasusuwa da aka samu cikin bango a ƙarni na 19, aka daɗe ana zaton nasa ne, an gwada su a shekarun 1990 aka ga mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru bayansa ne. An gyara wurin kabarin aka sake keɓe shi ranar 1 ga Maris 2012.

ABIN DA YARO KE GANI

A Wels makarantu kan kai yara majami'ar garinsu, a bar su su nema da idonsu. Suna shiga ta wata ƙofar shinge mai rufi, inda dā akan ajiye makara a jira firist. A farfajiya sukan sami wata bishiya mai suna yew, wadda ba ta kakkaɓe ganye, wani lokaci ta girmi ginin kansa. Daga ƙofa abu na fari shi ne kwarmin dutse na baftisma, an ajiye shi a nan ne don baftisma ita ce ƙofar shiga Ekklesiya, sau da yawa kuma shi ne abu mafi tsufa a ɗakin. Na Partrishow, wata 'yar majami'a a cikin tuddai, tun ƙarni na 11 yake. A can kuma akwai shingen katako mai sassaƙa na wajen 1500 da ke raba wurin jama'a da wurin bagade, da zanen ƙwarangwal a bango riƙe da lauje da shebur, wanda yara ba sa mantawa. A Llancarfan, a farkon wannan ƙarni, an kankare farar ƙasa daga bango sai ga Waliyyi Joji da dodonsa, da manyan zunubai bakwai, a ɓoye tun zamanin da aka hana zane. Wata tsohuwar majami'ar Waliyyi Teilo kuwa, da aka daina amfani da ita, an kwance ta dutse bayan dutse, aka sake gina ta a gidan tarihi na St Fagans kusa da Kadif, aka buɗe a 2007 da kamanninta na Katolika kafin rabuwa.

Amma kada mu yi musu sha'awar da ta wuce kima. A ƙidayar 2021, kashi 46.5 cikin 100 na mutanen Wels sun ce ba su da addini, masu cewa su Kirista ne kuma 43.6. Majami'u da yawa an kulle su, wasu sun zama gidajen kwana. Yaro yakan san shekarun kwarmin baftisma alhali ba a taɓa zuba masa ruwansa ba. Su suna da gini babu jama'a, mu kuwa jama'a ta yi mana yawa har muna rushe gini. Kowace Ekklesiya tana son sabon ɗaki mai hawa, wannan ba laifi ba ne, amma ina tsohon bagaden ya tafi? Ina ƙarfen dogon da ya kira kakanninmu sujada? Littafin baftisma na fari, mai rubutun hannun Fadan da ya buɗe tashar, yana cikin wane kwali, gara kuma ta kai shafi na nawa?

Shawarata ga katikis-katikis da malaman Lahadi ita ce, a Asabar ɗaya cikin wannan Azumi a rufe littafin tambaya da amsa, a zaga da yara. A fara daga allon suna a bakin hanya, su faɗi ko wane ne waliyyin, a wace ƙasa ya rayu. A nuna musu ruwa mai tsarki a bakin ƙofa da wurin baftisma, a bar kowa ya ga sunansa a littafi. Su ƙirga tashoshin Hanyar Gicciye 14, su tambayi dalilin fitilar da ba ta mutuwa a gefen akwatin Sakramenti, su karanta shekarar da ke kan dutsen harsashi da sunan bishop ɗin da ya aza shi. Sa'an nan a zaunar da su gaban tsoho ko tsohuwar da ta ɗauki bulo a ka lokacin ginin, wani babba ya riƙe biro da takarda, domin waɗanda suka zo Kakuri aikin masaƙa suna samari, yau sun haura 80.

Katolikan Wels su ma sun sake farawa ne daga ƙananan ɗakuna. An maido da sunan Menevia ga dayosis ɗinsu a 1898, a 2024 kuma aka haɗe shi da na Kadif, inda babbar majami'arsu ke ɗauke da sunan Dauda. A kan tudun da Non ta haihu, 'yan taku kaɗan daga rijiyarta, an gina wani ɗan ɗakin sujada na Katolika da duwatsun da aka tsinto daga kangayen yankin. An gama shi a 1934, shekarar da Monsinyo Thomas Hughes ya karɓi ragamar sabon yankin mishan na Kaduna.